RARIYAR RUBUTU: INJI MAI YAWAN DABARA KO MAI CIKA ALKAWARI?

Daga Wakilinmu, Abuja

Tun ran 12 ga watan Disamba 1991 da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja, birnin ya zama matattarar takardun ƙasar nan baki ɗaya, a 'yan shekarun nan kuwa takardun sun rikiɗe sun koma lambobi. A Wuse akwai hedkwatar Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa, watau NIMC, mai ba da lambar NIN mai alƙaluma 11, wadda adadin waɗanda suka mallake ta ya haura miliyan 100 a shekarar 2023. A tsakiyar birni ga Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fito da lambar asusun banki ta bai ɗaya mai alƙaluma 10 a shekarar 2010, ya kuma biyo bayanta da BVN mai alƙaluma 11 a watan Fabrairu 2014. A Maitama ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, mai raba wa kamfanonin waya lambobinsu. Can a Bwari kuma ga Hukumar JAMB, wadda tun shekarar 2021 ba ta yi wa ɗalibi rajistar jarrabawa sai ya zo da NIN ɗinsa. Ta haka yaron da ke Illela ko Gashuwa, wanda bai taɓa taka Abuja ba, ya wayi gari ba shi da hanyar neman gurbi a jami'a sai ta wata 'yar ƙofa da ke fuskar kwamfuta.

To, a bakin wannan ƙofa akwai mai gadi, mutane ƙalilan ne kuwa suka san da zamansa. Duk mai karatun da ya taɓa cika fom a intanet, ko ya tsaya a kan yaron shagon kwamfuta yana cika masa, ya san abin da kan faru in aka tsallake alƙalami guda: kafin a ɗauke yatsa jan rubutu ya bayyana, ya ce lambar ba daidai take ba. Ba wani akawu ne ya duba ba. Galibi wani ɗan layi ne guda na alamomi, wanda masu sana'ar rubuta manhaja ke kira regeks a taƙaice, mu kuwa a nan za mu kira shi rariyar rubutu, domin aikinsa ke nan: abin da ya dace da siffar da aka zana ya wuce, wanda bai dace ba ya maƙale.

Alal misali, rariyar lambar wayar hannu za ta ce: a fara da sifiri ko +234, sa'an nan 7 ko 8 ko 9, sa'an nan sifiri ko 1, sa'an nan alƙaluma 8, daga nan kada kome ya biyo baya. Ta lambar mota kuwa za ta ce haruffa 3, alƙaluma 3, haruffa 2, kamar yadda ake ganin KUJ na Kuje, da BWR na Bwari, da GWA na Gwagwalada a titunan birnin nan. Rariya ba ta san gaskiya ko ƙarya ba, siffa kaɗai ta sani. A wurinta NIN da BVN duk ɗaya ne tun da kowace alƙaluma 11 ce.

Amma ita rariyar bayani ce kurum, kamar takardar umarni. Akwai inji a cikin kwamfuta wanda ke karanta umarnin ya aiwatar, injunan nan kuwa iri biyu ne. Ɗaya mai ƙarancin dabara ne, sai dai ya ɗauki alkawarin cewa kome aka ba shi zai gama a kan kari. Ɗayan ya iya abubuwa masu yawa waɗanda na farkon bai iya ba, amma ba ya faɗa maka lokacin da zai gama. Zaɓi tsakanin biyun nan ya taɓa durƙusar da manyan kamfanoni na duniya, ya kuma shafi sunayenmu da harshenmu ta wata fuska da ba kowa zai zata ba.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Asalin al'amarin lissafi ne tsantsa. A shekarar 1951 wani masanin lissafi Ba'amurke, Stephen Kleene, yana nazarin yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke amsa saƙo, ya tsara wata hanyar bayyana siffar jerin alamomi da ƙa'idoji uku kacal: a jera wannan bayan wancan, a zaɓi wannan ko wancan, a maimaita abu ko sau nawa ne. A shekarar 1968 Ken Thompson na ɗakin binciken kamfanin Bell, wanda daga baya ya shahara da ƙirƙiro tsarin Unix, ya wallafa yadda za a sa kwamfuta ta yi bincike da waɗannan ƙa'idoji cikin sauri. Injin Thompson shi ne kakan injuna masu sauƙi.

Ɗaya reshen ya bunƙasa ne daga baya. A shekarar 1986 Henry Spencer na Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada ya rubuta wani inji ya sake shi kyauta ga mai so, harshen kwamfuta mai suna Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, ya yi gini a kan aikin Spencer ya yi ta ƙara masa dabaru. A 1997 Philip Hazel na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya rubuta PCRE, inji mai bin salon Perl, wanda ya bazu cikin PHP da Apache da sauransu. Java da JavaScript da Python, waɗanda da su ake gina akasarin shafukan intanet, duk wannan reshe suka bi. Saboda haka yaron da ya koyi rubuta manhaja a Zariya ko Kano ko nan Abuja, da injin nan mai yawan dabara ya fara cin karo, sau da yawa bai ma san akwai wani ba.

Don mai karatu ya gane bambancin aikinsu, bari mu ɗauki baƙon da ya shigo Abuja ta Zuba yana neman wani gida ba tare da ɗan jagora ba. In ya zo mararraba sai ya zaɓi hanya guda ya bi. In ta ɓulle inda ba ya so, sai ya ja da baya zuwa mararrabar ƙarshe ya gwada ta biyu. In duk hanyoyin wannan mararraba sun ƙi, ya ƙara ja da baya zuwa wadda ke gabaninta. Haka injin Perl da 'yan'uwansa ke yi, shi ya sa za mu kira shi injin ja-da-baya. In Allah ya taimake shi ya dace da hanya tun farko, nan take ya iso. In kuwa gidan babu shi sam, ba zai haƙura ba sai ya bi kowace hanya da kowane reshenta.

Injin Thompson ba haka yake yi ba. Shi manzanni yake aikawa su bi dukan hanyoyin a lokaci guda, suna taku tare, harafi ɗaya taku ɗaya. In manzanni biyu suka gamu a mararraba guda, sai ɗaya ya koma gida, tun da abin da wannan zai gani a gaba shi wancan zai gani. Saboda haka yawan manzanni ba ya taɓa wuce yawan mararrabun da ke cikin rariyar, ba a kuma komawa a sake karanta harafin da aka wuce. In rubutu ya ninka tsawo, aikin ninki ɗaya zai yi, ba fiye ba. Alkawarin ke nan.

SUNA GUDA, HANYOYI BILIYAN TAKWAS

Ga yadda abin ya zo ƙofar gidanmu. A ce mai rubuta manhaja yana son rariyar da za ta tace gurbin suna a fom. Abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne ya ce: harafi ɗaya ko fiye daga A zuwa Z, babba ko ƙarami, sa'an nan fili in akwai, a maimaita hakan har ƙarshen layi. Da alamominsu haka ake rubuta ta: ^([A-Za-z]+ ?)+$. A ido ba ta da laifi, kuma in ka gwada ta da Musa Garba ko Ladi Audu za ta wuce da su kamar walƙiya.

Laifinta biyu ne. Na farko, ba ta san da alamar hamza ba, watau ɗan waƙafin nan da muke ɗorawa a sama cikin Sa'adu da Rabi'u da A'isha, ba ta kuma san da haruffa masu ƙugiya na Ɗanladi da Ƙasimu ba. Sunan marigayi Shugaban Ƙasa Umaru Musa Yar'adua kansa ba zai wuce ta ba. Na biyu, shi ne ya fi haɗari: tun da ba a tilasta fili tsakanin kalmomi ba, inji yana da damar ɗaukar Musa a kalma guda, ko ya raba ta Mu da sa, ko M da usa, har hanyoyi 8. Dalili kuwa, tsakanin haruffa 4 akwai gaɓa 3, a kowace gaɓa ko a yanka ko a bari, watau 2 sau 2 sau 2. Kowane harafi da aka ƙara yana ninka adadin ne.

To, sa'ad da injin ja-da-baya ya iso kan hamzar Yar'adua ya ga ba hanya, ba zai ce sunan bai dace ba nan take. Zai zaci ko laifin yadda ya yanka kalmomin baya ne, sai ya koma ya sake yanka su ta kowace siffa, hanyoyi 512, kowace ta dawo da shi kan hamzar nan. Wannan ba kome ba ne a wurin kwamfuta. Amma Bahaushe ba ya kiran babba da sunansa tsirara. A rubuta Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, hanyoyin da ke gaban hamza sun zama 33,554,432. A cika ladabi a sa Mai Alfarma a farko, sun zama 8,589,934,592. Injin da ba a yi masa wani shinge ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya, alhali sauran masu neman shiga shafin suna jira a bayansa. Injin Thompson kuwa zai karanta haruffa 40 da filaye 6, a alama ta 47 ya ga dukan manzanninsa sun ƙare, ya ba da amsa.

A lura fa, amsar duka biyun ɗaya ce, kuma duka biyun ba daidai ba ce, domin sunan suna ne na gaskiya, rariyar ce aka saƙa da kuskure. Bambancin shi ne ɗaya ya ƙi mutum guda ya kira na gaba, ɗayan ya ƙi shi ya kuma toshe ƙofar.

Wani injiniya mai suna Russ Cox ya auna wannan tazara a wata maƙala da ya wallafa a shekarar 2007. Da wata rariya da ya tsara da gangan, da rubutu mai haruffa 29 kacal, Perl ya ɗauki fiye da sakan 60, injin Thompson kuwa ya gama cikin kashi 20 daga miliyan na sakan guda.

RANAKUN DA ABIN YA FARU DA GASKE

Kada mai karatu ya ɗauka wasan lissafi ne. Ran 20 ga watan Yuli 2016 shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja na duniya ke zuwa neman amsar matsalolinsu, ya tsaya cik har minti 34. Sanadin kuwa wani rubutu ne da ya shigo ɗauke da filaye kusan 20,000 a jere, babu harafi a tsakani. Akwai wata 'yar rariya da aikinta share filayen da ke ƙarshen layi. Ta fara daga fili na farko ta ƙirga har ƙarshen jerin, ta tarar akwai wani harafi a bayansu, watau ba ƙarshen layi ba ne. Ta koma ta fara daga na biyu, sa'an nan na uku, har aikin ya kai dubawa kusan miliyan 200. Da yake rubutun ya hau shafin farko, kowane mai ziyara yana sake tayar da wannan aiki ne.

Na shekarar 2019 ya fi muni. Cloudflare kamfani ne da ke tsayawa tsakanin miliyoyin shafukan intanet da masu ziyartarsu yana tace miyagun saƙonni. Ran 2 ga watan Yuli, da ƙarfe 2 da minti 42 na rana agogon Nijeriya, ma'aikatansa suka saki wata sabuwar rariya don kama wani nau'in kutse. A cikinta akwai wani yanki mai siffar .*.*=.* wanda ma'anarsa: kome, sa'an nan kome, sa'an nan alamar daidai, sa'an nan kome. Kome biyu a jere kuwa tarko ne, domin babu inda aka ce na farko ya tsaya na biyu ya fara, sai inji ya gwada kowane wuri. Nan da nan kwamfutocin kamfanin a duk faɗin duniya suka cika maƙil da aiki, zirga-zirgar da ke bi ta hannunsa ta faɗi da kashi 82 cikin 100, aka ɗauki minti 27 kafin al'amura su daidaita. Cikin bayanin da kamfanin ya fitar ya ce injin da yake amfani da shi PCRE ne, kuma shingen da ke hana rariya cinye ƙarfin kwamfuta an cire shi bisa kuskure a wani gyara da aka yi tun da farko. Abin dariya abin tausayi, su kansu injiniyoyin sun sha wuyar shiga ɗakin sarrafawarsu, domin ƙofar shigar tana cikin abubuwan da suka tsaya. Daga cikin matakan da kamfanin ya yi alkawari har da komawa ga inji mai tabbacin lokaci.

Waɗannan biyun tsautsayi ne. Amma abin da tsautsayi ya iya, mugu ma ya iya: wanda ya gane akwai irin wannan rariya a wani shafi ba ya bukatar rundunar kwamfutoci, 'yan haruffa 50 sun ishe shi. A shekarar 2018 masu bincike a jami'ar Virginia Tech ta Amurka sun tace rumbunan manhajojin kyauta na JavaScript da Python, suka sami dubban rariyoyi masu wannan lahani cikin manhajoji fiye da 10,000. Daga irin waɗannan rumbuna ne masu gina shafuka a ko'ina, har da na ƙasar nan, ke ɗibar kayan aiki.

TO, ME YA SA BA A WATSAR DA SHI BA?

Domin ya iya abin da ɗan'uwansa bai iya ba, kuma babu harshen da ya fi Hausa nuna hakan. Babbar dabararsa ita ce waiwaye: yana iya riƙe abin da ya karanta a baya, ya ce lalle a sake ganin ainihinsa a gaba. A ce malamin nahawu a Jami'ar Bayero yana da tarin jaridu na shekaru a kwamfuta, yana son fito da kowane cikakken ninki da ke ciki, irin su maza-maza, kaɗan-kaɗan, iri-iri, gyare-gyare, tafiye-tafiye. Da injin ja-da-baya layi guda ya wadatar: wasu haruffa, karan ɗori, sa'an nan ainihin haruffan farko. Injin Thompson ba zai taɓa iya wannan ba, ba kuwa don an yi sakaci wajen ƙera shi ba. Manzanninsa sun san mararrabar da suke tsaye, amma ba su riƙe da littafin hanyar da suka biyo, kuma rashin littafin nan shi ne ya sa biyu ke iya zama ɗaya in sun gamu. Ka ba su littafi, alkawarin lokaci ya tashi. Alfred Aho, shi ma na ɗakin binciken Bell, ya nuna a shekarar 1990 cewa bincike da waiwaye yana cikin ajin matsalolin lissafi masu tsananin wuya, waɗanda har yau duniya ba ta sami hanyar warware su cikin sauri ba.

Ragaggen ninki irin na kakkama da bubbuga da rarraba shi da ɗan sauƙi, domin baƙi ɗaya da wasali ɗaya ake maimaitawa, ana iya zama a jera wa inji mai sauƙi kowane haɗi da hannu, sai dai jerin zai haura ɗari, alhali da waiwaye bai fi alamomi 'yan kaɗan ba. Ba Hausa kaɗai ba ce a wannan yanki. A shekarar 1985 masanin harshe Christopher Culy ya kafa hujja da harshen Bambara na ƙasar Mali, inda ake cewa wulu o wulu da nufin kowane kare, ya nuna cewa ninkin kalma ya fi ƙarfin ƙa'idojin lissafin da wasu masana ke zaton sun isa su bayyana ginin kalmomin kowane harshe. Af, a ɗakin labarai irin namu mun san ɗaya fuskar waiwaye: manhajar da aka yi don kama kalmar da aka maimaita bisa kuskure a Turanci, in ta ga biyu biyu ko goma goma sai ta ja musu jan layi, ba ta san Bahaushe da gangan yake yi ba.

Dabara ta biyu ita ce leƙe, watau inji ya duba abin da ke gaba ba tare da ya motsa daga inda yake ba. Da ita ake tace kalmar sirri a layi guda, a ce lalle akwai babban harafi, akwai alƙalami, akwai alama, tsawo kuma bai gaza 8 ba. Da ita ake sa waƙafi cikin kuɗi, 1500000 ta koma 1,500,000. Amma a nan gaskiya ita ce inji mai sauƙi bai rasa kome ba illa gajartawa. Abin da aka yi a layi ɗaya sai a yi shi a layi huɗu, wanda zai gaji aikin ma ya fi gane huɗun.

Shi ma mai sauƙin yana da nasa amanu. Inda ya fi sauri yakan gina wani jadawali a ƙwaƙwalwar kwamfuta, jadawalin kuwa kan kumbura in rariya ta yi sarƙaƙiya, sai an yi masa iyaka. A rubutu na yau da kullum wanda babu tarko a ciki, injin ja-da-baya ba ya nawa, wani lokaci ma yakan riga shi isa. Kuma ma'aikatar da ta tara ɗaruruwan rariyoyi cikin shekaru, ranar da ta ce za ta sauya inji sai an zauna an sake saƙa duk wadda ke da waiwaye ko leƙe, aikin kuwa kuɗi ne da lokaci.

Duk da haka tsohon injin ya dawo. Kamfanin Google ya buɗe wani shafin binciken manhajoji a shekarar 2006 inda kowa ke iya rubuta rariyarsa, abin da ba zai yiwu da injin ja-da-baya ba, tun da mutum guda na iya tsayar da kome. Daga wannan aiki ne Russ Cox ya ƙera RE2, aka sake shi kyauta a 2010. Harsunan Go da Rust sun bi wannan tafarki. Masu ɗaya reshen su ma sun fara kafa shinge: Microsoft ya sa wa injin .NET agogon da ke katse shi in ya daɗe tun 2012, ya ƙara masa zaɓin aiki ba tare da ja da baya ba a 2022, a shekarar ce kuma harshen Ruby ya sami nasa agogon. Yau dukan injunan biyu suna kan teburin ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya ba tare da ya sani ba: in ya rubuta rariya a Google Sheets, RE2 ke aiki, in a Excel ne, wanda ya sami wannan dama a 2024, salon PCRE ne. Rariyar da ke da waiwaye za ta yi aiki a na biyun, na farkon ya ƙi ta.

AURE DA ƊAURE

Akwai wani zato da ya kamata a kawar, cewa inji mai yawan dabara shi ne zai fi sanin haruffanmu. Ba haka abin yake ba. Akwai alamar da ke nufin iyakar kalma, wadda da ita ake neman kalma sukutum ba guntunta ba. A JavaScript, mai yawan dabara, da RE2, mai sauƙi, alamar nan ba ta ɗauki ɓ da ɗ da ƙ a matsayin haruffa ba. Saboda haka wanda ya nemi kalmar aure cikin kundin shari'o'i, za a kawo masa har da kowane ɗaure, domin a idon injin ɗ ba harafi ba ne, aure kuma kalma ce mai zaman kanta a bayansa. Wanda ya nemi ara za a haɗa masa da ƙara. Ko da yake dai ɗaura aure ake yi, alƙali ba zai so a cakuɗa masa biyun ba. A Python na 3, mai yawan dabara, da Rust, mai sauƙi, babu wannan matsala. Ashe ke nan sanin Hausa bai bi layin da ya raba injunan ba, ya rataya ne a kan kulawar wanda ya ƙera da wanda ya saƙa rariyar. JavaScript da RE2 ma kuwa suna da alamar da ke nufin harafi na kowane harshe, ga wanda ya damu ya yi amfani da ita.

A ganinmu tambayar da ta dace ita ce, wa ke zuba abin da za a tace? Malamin nahawu da ke zaune a ofishinsa da kundinsa, in injinsa ya maƙale shi kaɗai ya yi asara, ya kashe ya sake. A bar shi da waiwayensa. Amma ƙofar da ke buɗe ga mutum miliyan, wadda ba a san wanda zai zo ba balle abin da zai rubuta, musamman a makon ƙarshe na rajista sa'ad da kowa ya yi ca a kanta, ba wurin gwanintar dabara ba ne. NIN da BVN da lambar waya da lambar mota, babu ɗaya cikinsu da ke bukatar waiwaye ko leƙe. Abin da ya fi ƙarfin rariya, kamar alƙalami na goma na lambar asusun banki, wanda lissafi ne ake yi daga lambar bankin da sauran taran don kama kuskure, dama can aikin wani sashe ne na manhaja. Inda kuwa tilas ta sa aka zauna da injin ja-da-baya, to a ƙayyade tsawon abin da gurbi zai karɓa, a kuma ɗaura wa injin agogo.

Hukumar NITDA da ke Garki ita ke tantance ayyukan kwamfuta na ma'aikatun Tarayya kafin a aiwatar da su, amma irin wannan ɗan ƙaramin abu ba ya fitowa a takardar kwangila, sai a hannun jami'in da zai karɓi aikin. Ba ya kuwa bukatar digiri a fannin kafin ya gwada. Tun shafin yana ɗakin gwaji, kafin a buɗe wa jama'a, ya rubuta Ɗanladi da Sa'adatu da 'Yar'adua a gurbin suna ya ga ko za su wuce. Sa'an nan ya danna harafin a sau 40, ya bi shi da alamar tambaya, ya aika, ya dubi agogonsa. In rariyar irin wadda muka nuna ce a sama, injin kuma na ja-da-baya ne marar shinge, hanyoyi 549,755,813,888 ke gabansa, jami'in zai je sallar azahar ya dawo bai ga amsa ba.